Shayarwa a Bakin Danga

Ku jikokina, da ku 'ya'yan da Allah ya bar mini, ku matso. Maganar nan ba ta gizo ba ce, ba kuwa da kan ɓera za ta ƙare ba. Ni ban shiga lakol ba, makarantar boko ke nan, ban san baƙi ba, sai na sa aka riƙa mini alƙalami, ina faɗa ana rubutawa. Abin da ya tayar da ita, ranar zaman makokin Baba Nomau ne, yayan kakanku. Ina zaune cikin mata na ga gwaggonku Rakiya, ɗiyarsa, ta taso tun daga Cadakori, ta gai da ɗaya daga cikinku, shi kuwa ya kau da kai. Da aka yi masa faɗa sai na ji ya ce, me zai gaisar a gidan da suka cinye mana gona, suka kuma shanye wa ubansa nono har ya tashi da ƙafafu kamar sillen kara. Ban ce komai ba a wurin, don gidan mutuwa ba zauren shari'a ba ne. Yanzu zan ce. Gona kam an ci, ban musa ba, tana nan arewa da rijiya kuna wuce ta kullum. Amma nono ba wanda ya ƙwace. Ni na ɗauka na bayar, da hankalina, idona buɗe, kuma ga yadda aka yi.

Mutanen gidan nan daga kudu suka hauro tun kakannin kakanni, suka sari daji gabas da Agiye suka zauna. Gida ɗaya ne babba, gandu ɗaya, rumbuna a jere. Kakanku, wanda mutane ke kira Mati, ni kuwa ban taɓa kama sunansa ba sai yau saboda takarda, ya tafi cin rani wata shekara, ciwo ya kwantar da shi a wani asibiti na masu bi. Ya dawo da lafiya, ya dawo kuma da Littafi a aljihu da karatun da ya koya a kan gado. Ya ce shi ya bi Yesu. Da fari na bi shi ne kamar yadda akuya ke bin mai dusa, daga baya abin ya zauna mini a rai don kaina, aka yi mini baftisma a tabki bayan damina. Muddin ubansu, tsohon gidan, na da rai ba wanda ya taɓa mu, sai harara. Da ya rasu, Nomau ya zama babban gida. Ya ce wanda ya bar addinin ubansa ya bar gadon ubansa. Ya hana mu rabonmu na gandu, ya bar mana wata 'yar jigawa da ko ƙaya da ƙyar take tsiro a kanta, ya sa aka ja dangar kara ta raba tsakar gida biyu, aka huda mana ƙofa ta baya. Ya rantse gaban mutane cewa ƙafarmu ba ta ƙara taka sashensa, ɗan sashensa kuma ba ya taka namu.

Gidajen masu bi a garin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Muna da ɗan ɗakin sujada na laka a bakin gari. Pasto kan zo daga Gazawa jefi-jefi a kan keke, in bai zo ba kakanku ke karatu, don shi ne mai baƙi a cikinmu. Mu mata muna da tulu da muke bugawa, da caki, ni ke ba da waƙa. Muryata a lokacin tana kaiwa har bakin kasuwa. Waƙa kuwa ba ta cin hatsin kowa. Ka rera cewa kana ƙaunar wanda ya ƙi ka, ka tafa hannu, ka koma gida ka ci tuwonka, ba abin da ya ragu a rumbu. Haka muka zauna shekaru. Danga ta raba maza, amma mata sun san inda kara ya yi sako-sako. Tsahara, matar Nomau, mace ce mai sanyin hali. In gishirina ya ƙare sai in ga ƙulli ya ɓullo ta ƙarƙashin danga, in wutarta ta mutu in tura mata garwashi a kasko. Ranar da na haifi Ishaya, ubanku ku na ɗakin gabas, ta nan ta turo mini kanwa da yaji.

Sai shekarar ta zo. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, hatsi ya tashi har ya yi ciki, sai sama ta kama bakinta. Muna kallo zangarniya ta fito ba ƙwaya. Abin da aka ɗaure a kaka bai kai rabin na kullum ba. Kun san al'adar nan tamu, in an gama kaka maigida ya liƙe rumbun gandu sai damina, don a samu abin da za a ci a yi noma, mace kuwa ta ci da kanta da 'ya'yanta daga gamana, ɗan filin da aka yanka mata. To gamana a shekarar ba ta ba da abin kirki ba. Maza suka watse cin rani. Fulanin da ke kawo mana nono suka yi kudu da shanunsu. Mu muka shiga daji tsinkar anza, a jiƙa ta a zubar da ruwan ɗaci, a sake jiƙawa a zubar, kana a dafa. Ishaya na goye a bayana, ya fara zama. Yaro ne mai kumatu, duk wanda ya gan shi sai ya ce ina uwarsa ke samun abinci.

Cikin bazara, lokacin da maza suka dawo sharar gona, Tsahara ta durƙusa. Ta haifi mace da hantsi, mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ɓalle. Aka ɗora ta a amalanke za a kai ta likita a Agiye, ba su kai rabin hanya ba aka juyo da kan amalanken. Na ji kururuwa ta bayan danga, ba ni da ikon shiga. Na tsaya na riƙe kara har aka fita da ita. Aka bar jaririyar a hannun Inna Gwamma, uwar mazanmu, tsohuwa mai kaifin baki wadda ta zauna sashen Nomau. Suka gwada nonon akuya, awakin kansu fata da ƙashi ne, ɗan abin da aka tatso ta sha ta amayar. Suka gwada ruwan kunu, ya ɓata mata ciki. Masu goyo a garin akwai su, amma kowace ta noƙe. Wata ta ce nononta bai ishi nata ba, gaskiya ta faɗa. Wata ta ce ɗiyar da ta ci uwarta ba a sa ta a ƙirji. Tsofaffi kuma na cewa in mai goyon namiji ta shayar da mace, dole ɗaya ya danne ɗaya. Aka yi suna ba rago ba kiɗi, aka ce Rakiya. Kukanta da fari mai ƙarfi ne, yana ratsa danga ya cika mana tsakar gida. Sannu-sannu ya koma kamar na ɗan kyanwa. Duk sa'ad da ta yi shi, sai in ji ƙirjina ya tsattsafo ya jiƙa mini zane ina tsaye bakin turmi. Jikina ya riga ni sanin abin da ake ciki.

Ran Lahadi pasto bai zo ba, kakanku ya tashi ya buɗe Littafi. Ban sani ba ko shi ya zaɓi wurin ko wurin ne ya zaɓe shi. Ya karanta inda aka umarce mu a kan maƙiyi, in yunwa ta kama shi a ba shi abinci. Ya yi bayani mai daɗi har muryarsa na rawa. Muka ce amin, ɗaki ya ɗauka. Aka ce in ba da waƙa, na buɗe baki, ba abin da ya fito. Da aka tashi, muna ƙarƙashin itacen dogon yaro, na gaya wa Ladi, babbar matan ikilisiya, abin da ke raina.

"Ke Jimmai, yunwa ce ta taɓa miki kai?" in ji ta. "Abinci aka ce, tuwo ko fura. A ina kika ji an ce nono?"

"Yaya Ladi, wadda ko cibiya ba ta gama warke mata ba, wane tuwo gare ta?"

"To maƙiyin ai Nomau ne. In ya zo da yunwa ki dafa masa anza ya ci, mu ma mu zo kallo."

Mata suka yi dariya. Wata ta ce, "Ku dubi wuyanta kamar na zalɓe, wai ita za ta shayar da biyu."

Ladi ta bar dariya ta kama hannuna. "Ba wasa nake ba, ƙanwata. Ɗanki ma amana ne. Allah bai ce ki kashe naki ki raya na wani ba."

Maganarta ba ta banza ba ce, har yau ban ce ta banza ba ce. Na koma gida na tarar da kakanku a inuwar rumbu yana sa wa hauya ƙota. Na ajiye masa ruwa, na durƙusa.

"Malam, abin da ka karanta yau, da mu ake ko da mutanen wani gari?"

Ya ɗago kai. "Da kowa ake."

"To ga mai yunwa bayan danga."

Ya juya ƙotar a hannu. Can ya ce, "Ni na karanta, na san abin da ke ciki. Ba ki ga abin da mutumin nan ya yi mana ba? Ko ta'aziyyar matarsa da na je yi masa a ƙofar gida, hannuna ya bari a sama."

"Na gani. Ba shi zan shayar ba."

"In Ishaya ya lalace fa? Me za ki ce mini?"

Na ce, "Ban sani ba, Malam. Abin da na ji da safe kaɗai na sani, kuma daga bakinka na ji shi."

Ya buga ƙotar a ƙasa, ya sake bugawa. "Ban aike ki ba," ya ce. "Ban kuma hana ki ba."

Na tashi na je inda Tsahara ke turo mini gishiri, na yi sallama. Na ji takun Inna Gwamma da sandarta.

"Wa nake ji kamar zabiyar masu tulu?"

"Ni ce, Inna. Ya haƙuri?"

"Haƙuri ya zama dole. Mi kike biɗa? Gishirin ya bi mai shi."

Ashe duk shekarun nan tsohuwa na sane. Na ce, "Ɗiyar nake so ki miƙo mini in ba ta nono."

Sai na ji ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Tsaya nan. Kar ki gusa ko taki ɗaya."

Nomau da fari ya ce faufau. Inna ta tsine, ta yi kuka, ta ce in ɗiyar ta mutu ita ma a haƙa da ita. Ya tafi wurin limamin gari, dattijo mai tsoron Allah, wanda ya gaya masa nono ba ya ɗauke da addini, rai kuwa ya fi rantsuwa, ya yi kaffara ya buɗe ƙofa. Nomau ya karɓi rabin maganar ya bar rabi. Ya zo da wuƙa ya yanke igiyar danga, ya zare kara har aka samu kafa daidai wadda za a miƙo jariri. Bai dube ni ba. Uwarsa ya fuskanta.

"Inna, gaya mata. Ba ta shigo ba, ɗiyar ba ta shiga wurinsu ba, nan bakin danga za a yi. Ba waƙa, ba addu'arsu a kanta, ba sunan da za a raɗa mata a kunne. Ran da aka yaye ta magana ta ƙare, ba ta da ɗiya a gidan nan."

"Tana jin ka, ba kurma ba ce," in ji Inna.

Na ce, "Na yarda, Yaya."

"Da bakinki?"

"Da bakina."

Amma Inna ta ce sai an gwada. Ku yaran yanzu ba ku san gwajin nono ba. Ana tatsa a ludayi, a kamo tururuwa a jefa ciki. In ta yi iyo ta fita, nono lafiyayye ne. In ta mutu a ciki, mugu ne, ba a ba yaro. Mai haihuwar fari ake yi wa, a cikin ɗaki, tsakanin tsofaffi. Ni aka yi mini a bakin danga da rana tsaka, ina da haihuwa uku, matan unguwa sun cika sashen Nomau suna leƙe ta kafar. Na sassauta zane na tatsa. Inna ta jefa tururuwa. Ta nutse, ta taso, ta yi ta zagaye. Ba abin da nake ji sai numfashin jaririyar a bayan tsohuwa. Can tururuwa ta kama gefen ludayi, ta hau, ta yi tafiyarta.

"Wataƙila ita ma 'yar Lahadi ce," wata ta ce daga baya.

"In kin fi ta imani kawo naki mu gwada," in ji Inna. "Rufe mana baki, ƙirji kamar fatar tsohon guga."

Aka miƙo mini ita ta kafar. Nauyinta bai fi na ƙwaryar da ba komai a ciki ba. Ta kasa kamawa, ba ta da ƙarfi. Na ɗiga mata a leɓe. Ta lasa, ta yi shiru, sai ta kama.

Daga ranar aikina ya zama tsakanin turmi da danga. Na dama na Ishaya, na hagu na Rakiya. In ta yi kuka Inna ta buga bayan ƙwarya, in ajiye abin da nake yi in je in durƙusa a kafar. Damina ta sauka, aka buɗe rumbu, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Ina noma a jigawa, in rugo gari in shayar, in koma. Nono kuwa ba rijiya ba ne, abin da ciki ya samu shi yake bayarwa. Kafin a gama noman fari na ga duka biyun ba mai ƙoshi. Ishaya ya tsotsa ya saki ya yi kuka, Rakiya ta tsotsa ta saki ta yi kuka. Ni kuwa in na miƙe sai ƙasa ta juya mini.

Nan ne nake so ku kasa kunne, don nan ne ake karkatar da labarin. Ba wanda ya zo ya ce in cire Ishaya. Nomau bai ma san me ake ciki ba, Inna ba ta roƙe ni ba. Ni na zauna a kan turmi na duba lamarin. Shi yana da haƙora, yana iya haɗiyar kunu. Ita in aka cire ta, rami ne. In na ci gaba da raba musu, ina iya binne biyu. Na yi addu'a, ban ji wata murya ba, ban yi wani mafarki ba. Abin da aka riga aka faɗa mini shi ne dai a wurin, ba a ƙara ba, ba a rage ba. Na yaye Ishaya bai kai ga tsayuwa ba, cikin tsakiyar damina, lokacin da mai hankali ko ɗan akuya ba ya yayewa. Ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Yana ganina durƙushe a danga da wata a ƙirjina, ya rarrafo ya kama mini zane, kakanku ya zo ya ɗauke shi. Sai zawo. Sai kumatun suka zube, gashi ya yi ja ya kwanta, ƙafafu suka kumbura, ya daina rarrafe. Kakanku ya sayar da jakinmu, muka kai shi likita a Agiye. Ma'aikaciyar ta duba shi, ta dube ni, ta ga gaban rigata a jiƙe.

"Ke da nono kika bar yaro haka? Wa kike tara wa?"

Ta ce a kwantar da mu. Na ce ba ni iya kwana, akwai mai jira na a gida. Ta yi tsaki, ta ba mu magani da garin kunu, ta ce uban ya riƙa dawowa da shi tunda uwar ba ta da lokaci. A hanyar komawa, muna kan amalanken haya, yaron na kwance a cinyata idonsa rabi a buɗe, kakanku ya ce, ba da faɗa ba:

"Ga amin ɗinki nan a cinyarki."

Na ce, "Namu ne, Malam. Tare muka faɗe shi."

Haka muka iso gida. Amma tun daga ranar, in na kai masa fura gona sai ya kurɓa kaɗan ya turo mini ƙwaryar, ya ce cikinsa ba daɗi. Damina guda cikinsa ba daɗi. Shi ke ɗaukar Ishaya a kafaɗa zuwa Agiye, shi ke ba shi kunu da cokali a ƙofar gida, maza na wucewa suna yi masa ba'a wai Mati ya zama uwar goyo, saura ɗan kunne. Wa'azinsa kuwa ya gajarce. Ya karanta, ya rufe, ya ce Allah ya ba mu ikon yi, ya zauna.

Wata ranar kasuwa Ladi ta shigo da ƙuli-ƙuli da garin wake a ƙulle.

"Karɓi, mai taurin kai. Ba don ke ba, don yaron." Ta leƙa wajen danga, ta rage murya. "Tunda wahalar ta riga ta same ki, ki ci ribarta mana. Nomau na Gazawa, tsohuwa ba ta ji sosai. Ki yi wa ɗiyar nan addu'a a kunne. Ko ki zaro ta ran da pasto ya zo ya sa mata hannu. Ai nononmu ta sha, tamu ce."

"Na ba ubanta baki, Yaya Ladi."

"Alkawari da wanda ya cinye muku gona?"

"Ba a ce in cika wa mai kirki kaɗai ba. Kuma ba sayenta aka aike ni ba."

"To me kika samu?"

"Ga ta can tana numfashi."

Ladi ta tafa hannu. "Allah ya kyauta. Ni dai da ni ce, da tuni ta iya amin."

Addu'a na yi mata, ba zan ɓoye muku ba, amma a ɗakina, ita tana can bayan danga. A kanta ban taɓa buɗe baki ba. Ko waƙar reno ban yi mata ba, don waƙoƙin da suka rage a bakina duk na sujada ne. Shiru muke yi, ni da ita, sai ƙarar haɗiya. Kaka ta zo da albarka. Na ce ko Nomau zai turo dami ɗaya saboda nonon da ɗiyarsa ke sha. Bai turo ba. Inna ce kan ɓoyo dunƙulen fura a haɓar zane ta miƙo mini tare da ɗiyar, tana cewa in ci, ba don kyawuna ba, don jikarta.

Ishaya bai mutu ba. Kumburin ya sace, gashin ya dawo baƙi, amma ƙafafun ba su koma yadda aka halicce su ba. Rakiya, duk da ya girme ta, ta riga shi tafiya. Ina durƙushe a kafar in hango ta ta taho tana faɗuwa tana tashi, shi kuma yana bayana yana jan gindi. Mutane suka ce ga shi nan, mace ta danne namiji yadda tsofaffi suka faɗa. Ba haka ba ne. Yunwa ce da yayen wuri, kuma kun ji wadda ta yanke shi. Sai da wata damina ta sake sauka kafin ya miƙe, a kan ƙafafun nan da kuka sani, waɗanda da su ya yi noma ya ciyar da ku. In kun tambaye ni ko daidai na yi, ba ni ce mai hukunci ba. Na ji, na yi, wani ya biya tare da ni ba a shawarce shi ba. Duka ukun gaskiya ne, ku riƙe su tare.

Bayan kaka ta biyu Nomau ya aiko Inna ta gaya mini ran Juma'a za a cire ta. Ƙanwarsa da ke aure a Cadakori ta zo, ita za ta tafi da ɗiyar ta riƙe, don kada ta riƙa zuwa danga. Da safe aka ba ta rubutu ta sha, yadda suke yi. Inna ta zo kafar da garin maɗaci a 'yar ƙwarya, ta kwaɓa shi da ruwa.

"Kawo ƙirjin in shafa miki."

"Bari, Inna, ni zan shafa."

"Ki shafa da yawa. In kin ji tausayi yau, gobe ita za ta sha wuya."

Na shafa duka biyu, har inda bakinta ba ya kaiwa. Aka sako ta, ta taho da gudu ta faɗa cinyata, ta kama na hagu yadda ta saba. Ta saki, ta tofar, ta dube ni. Ta zagaya ta kama na dama. Ta saki. Ta ɗaga hannu ta mare shi, ta sake dubana. Na riƙe fuskata yadda take, ban yi mata murmushi ba, ban buɗe hannu ba, don in na buɗe aikin ya ɓaci. Gwaggonta ta nuna mata ƙosai daga can. Ta juya mini baya ta tafi tana kuka. Na ji amalanke ya tashi ya kama hanyar Agiye, inda za su shiga mota.

Ban ma tashi daga wurin ba Nomau ya iso da sabon kara da igiya. Ya tsaya ta can yana jerawa a kafar, karan na zamewa, don aikin na mutum biyu ne. Kakanku ya taso ya dafa ta nan. Ɗaya na riƙewa, ɗaya na ɗaurewa, har kafar ta rufe. Da ya ja igiyar ƙarshe na ji Nomau ya ce, a hankali, ban san da wa yake ba, "To, ta rayu." Iyakar abin da na taɓa ji daga bakinsa ke nan a kan maganar har ya koma ga Allah.

Na shiga ɗaki. Kafin azahar ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse, ba mai sha. Na ɗumama ruwa na wanke maɗacin, na sake wankewa, na lasa yatsa na ji ba ɗaci. Ishaya na zaune bakin ƙofa yana wasa da ɓawon gyaɗa. Na ɗauko shi na ɗora a cinya.

"Zo, ɗana," na ce. "Ga naka ya dawo, duka biyu."

Na sa masa a baki. Ya riƙe shi a leɓe, ya ɗaga ido yana kallona, bai san me ake yi da shi ba. Ya manta. Ya yi dariya, ya ture shi da hannu, ya zame daga cinyata, ya ce in ba shi tuwo. Na ɗaura zanena na tashi na ɗumama masa.